Attarugu A Ƙasar Sanyi: Kafin Ka Sayi Fitila Mai Tsada, Fara Aunawa Da Wayarka

 Rubutun yau na 'yan uwanmu ne da ke zaune a Ingila, Kanada, Jamus, arewacin Amurka da sauran ƙasashen da sanyi ke cinye rabin shekara. Wanda yake gida ma ya karanta, domin dabarar auna haske da waya da gane ƙaryar da ake rubutawa a jikin kayan lantarki za ta amfane shi a ko'ina.

Duk wanda ya zauna a can ya san darajar attarugu. Abin da a kasuwar 'Yankaba ake zuba maka gyara, a can sai ka shiga shagon 'yan Afirka ka ɗauko 'yan ƙwayoyi a leda, kana juya su kana duba kuɗin. Shi ya sa mutane da yawa suke cewa bari su shuka nasu. Suna shiga intanet kuma sai talla ta yi musu caa: fitila mai ruwan shuɗi da ja, an rubuta 1000W a jikinta, ga hoton tumatir kamar kan jariri.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ba tsadar fitila ke ba ka attarugu ba. Abu uku ne, lokacin da ka shuka, ɗumin ƙasar, da yawan hasken da ke sauka a kan ganye. Dukkansu kuma ana auna su, da wayar da ke hannunka da 'yan ƙananan na'urori masu araha. Wanda ya auna zai ci attarugunsa. Wanda ya bi talla zai kashe kuɗi ya tashi da tsiro siriri kamar zare.

ME YA SA SAI A CIKIN ƊAKI?

Attarugu ɗan ƙasar zafi ne. Masana suna kiran danginsa Capsicum chinense, kuma duk da sunan ya yi kama da na ƙasar Sin, asalinsa daga Kudancin Amurka ne. Habanero da Scotch bonnet da ake sayarwa a shagunan Turai 'yan gida ɗaya ne da shi. Wannan dangi ya fi tattasai da shambo nawa: yana daɗewa kafin ya tsira, yana daɗewa kafin ya girma, yana kuma daɗewa kafin ya nuna.

Mu yi lissafi. Iri yakan ɗauki sati biyu zuwa uku kafin ya fito, wani ma ya wuce wata. Daga nan sai ya yi kamar sati goma kafin ya isa dashe. Bayan dashe kuma sai an jira wata uku zuwa huɗu kafin a ga jan attarugu. Jimilla wajen wata shida zuwa bakwai ke nan.

To a Jamus, masu lambu ba sa fitar da shuka mai tsoron sanyi sai bayan tsakiyar Mayu, bayan ranakun 11 zuwa 15 ga wata da suke kira Eisheilige. A Kanada mutane da yawa suna jiran hutun ranar Victoria, wato Litinin ɗin da ke zuwa kafin 25 ga Mayu. A ɗaya gefen kuma, a yawancin wuraren nan sanyin da ke daskarar da raɓa yana dawowa a Oktoba, kuma dare ɗaya ya ishe shi ya kwantar da shukar. Ka ga tsakanin ƙarshen Mayu da Oktoba bai kai wata shida ba. Wanda ya jira gari ya yi ɗumi sannan ya zuba iri a waje, ganye kawai zai noma.

Saboda haka dole a sace wata uku daga hunturu, a yi su a cikin ɗaki. Buɗe kalandar wayarka, ka sa ranar da kake sa ran dashe, ka ƙirga sati goma sha biyu zuwa goma sha huɗu baya. Ga mai dashe a ƙarshen Mayu, zai faɗa tsakanin tsakiyar Fabrairu da farkon Maris. A Ingila, inda rani ba ya zafi sosai, masu noman barkono da yawa suna farawa tun ƙarshen Janairu. Amma kada zumuɗi ya sa ka fara a Disamba. Shukar za ta cika maka ɗaki, ta fi ƙarfin fitilar, alhali waje bai buɗe ba.

ƊUMI NE FARKO, BA HASKE BA

A nan mutane suka fi yin asarar kuɗi. Sai mutum ya sayi fitila, ya kunna ta a kan ƙasa mai sanyi, ya yi sati uku yana leƙe, daga ƙarshe ya ce irin ne ba shi da kyau. Irin da ke cikin ƙasa ba ruwansa da fitilarka. Ɗumi da ɗanshi yake nema. Attarugu ya fi son ƙasa mai digiri 26 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos. Ɗakin da aka kunna hita a Turai yawanci yana wajen digiri 20 ne, ƙasa mai jiƙe kuma ta fi iskar ɗakin sanyi, balle in tana bakin taga. A irin wannan yanayin iri zai yi ta nawa, wani ya ruɓe tun bai fito ba.

Don haka in kuɗinka na abu ɗaya ne a satin farko, sayi shimfiɗar ɗumi ta masu lambu. Wata 'yar tabarmar roba ce da ake jonawa a wuta a ɗora kwantenan shuka a kai, wutar da take ja ba ta wuce wat 20 ko makamancin haka. Ka nemi wadda ke zuwa da na'urar daidaita zafi mai ɗan tsinke da ake cusawa cikin ƙasa, ka saita ta a 28, shi ke nan.

Za ka ji ana cewa a ɗora a kan hitar bango, ko a kan na'urar Wi-Fi tunda tana ɗumi. Ban goyi bayan ko ɗaya ba. Hitar bango tana yin zafin da zai dafa iri da rana, da dare kuma ta mutu ƙasar ta yi sanyi. Ita kuwa na'urar Wi-Fi, ka toshe mata ramukan shan iska, ga ruwa a samanta. Ɗigo ɗaya ya isa ya raba gidan da intanet, in ma abin bai kai ga gobara ba.

Shukar kanta ba wuya. Ka sami ƙasar tsirar da iri ta leda, kada ka kwaso ta bayan gida. Ka jiƙa ta ta yi ɗanshi ba caɓalɓal ba, ka binne iri zurfin rabin santimita, ka rufe da murfin roba mai haske. Ranar da ka ga tsiro na farko ya lanƙwaso kai, cire murfin, kunna fitila. Idan yawancinsu sun fito, kashe shimfiɗar, domin bayan tsira ɗumin ɗaki na digiri 20 zuwa 25 ya wadatar.

"AI INA DA TAGA"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya. Mutanen Ingila sun daɗe suna tsirar da shuka a bakin taga tun kafin a san LED. Idan tagarka tana kallon kudu, ba gini a gabanta, kuma a ƙarshen Maris ko Afrilu za ka fara, za ka iya samun wani abu. Buɗe kamfas ɗin wayarka ka tabbatar da inda take kallo.

Matsalar ita ce attarugu ba zai jira Afrilu ba. A Kano, ko a tsakiyar hunturu rana tana yin sama da awa goma sha ɗaya. A Landan kuwa ranar 21 ga Disamba ba ta cika awa takwas, a Toronto ba ta cika tara. Zuwa Fabrairu ta ɗan ƙaru, amma rana tana can ƙasa-ƙasa, ga hadari kusan kullum, ga gilashi yana rage abin da ya rage.

Idonka ba zai gaya maka gaskiya a nan ba, domin ido yana daidaita kansa da duhu kamar yadda kyamarar waya ke yi. Ɗakin da kake gani tas da haske yawanci luks 100 zuwa 500 ne. Tsakar rana a fili tana kaiwa luks 100,000. Tsiron barkono a ƙarƙashin farar fitila yana son kamar luks 10,000 zuwa 20,000, na tsawon awa 14 zuwa 16 kowace rana.

Kada ka yarda da ni, gani ya kori ji:

1. Shiga Play Store ko App Store ka sauke manhajar auna haske. Photone tana cikin waɗanda aka yi domin shuka.
2. A wayoyin Android, yawancin irin waɗannan manhajoji suna amfani da ɗan idon da ke saman fuskar waya, wanda ke rage hasken allo da kansa. A iPhone kyamarar gaba ake amfani da ita, kuma manhajar za ta ce ka rufe ta da 'yar farar takarda.
3. Ajiye wayar daidai tsayin ganye, fuskarta na kallon sama, kada inuwarka ta faɗa a kai.
4. Auna da safe, da azahar, da la'asar, a ranar da ake hadari da ranar da gari ya washe.

Waya ba na'urar ɗakin bincike ba ce, za ta iya kuskure kaɗan sama ko ƙasa. Amma bambancin luks 800 da 12,000 ba zai ɓoye mata ba, kuma shi muke nema.

ƘARYAR 1000W

Yanzu mu zo kan fitila. Lambar da ake rubutawa da manyan baƙi a tallar fitilun shuka masu araha sau da yawa ba ita ce wutar da fitilar ke ja ba. Wasu suna nufin "daidai take da tsohuwar fitila mai wat kaza", wasu kuma suna tara iyakar ƙarfin ƙananan ƙwayayen da ke ciki ne, alhali ba a taɓa kunna su a wannan ƙarfin. Ka gangara ƙasan bayanin kayan, ka nemi layin da ya faɗi ainihin wutar da take ja daga soket. Idan ba su rubuta ba, wuce.

Ga wani gwaji da duk mai waya zai gane. Akwai 'yan fitilu masu wuyan maciji da ake maƙalawa a tebur, ana jona su da USB. Kan caja na yau da kullum yana ba da bolt 5 da amfiya 2. Biyar sau biyu goma. Wat 10 ke nan, iyakarsa. To fitilar da ke shan wuta daga irin wannan kan caja, a ce wai wat 50 ce ko 100, daga ina ta samo sauran? Irin wannan za ta riƙe tsiro biyu ko uku in an kusanto da ita sosai, amma ba faranti guda ba.

Batun launi kuma, ba na cewa mai shuɗi da ja ba ta aiki. Ganye yana shan ja da shuɗi sosai, wannan gaskiya ne. Amma ga mai farawa, fara ta fi, saboda dalilai uku. Na ɗaya, ma'aunin luks an gina shi ne a kan yadda idon mutum ke gani, kuma ido ya fi kama kore da rawaya, don haka abin da manhajar luks za ta nuna maka a ƙarƙashin fitila mai shuɗi da ja ba abin dogaro ba ne. Na biyu, a ƙarƙashin wannan launin ba za ka gane ganye ya fara rawaya ko ƙwari sun hau shi ba sai abu ya yi nisa. Na uku, ɗakinka ne, a ciki kake zaune. Awa goma sha shida kullum cikin wannan launin yana gajiyar da ido, tagarka kuma tana haska unguwa har maƙwabta su fara tunanin wani ganyen dabam kake nomawa.

Farar LED ɗin ma daga shuɗiya aka samo ta: shuɗin ƙwai ne aka lulluɓe da wani sinadari da ke mayar da wani ɓangare na hasken rawaya. Ƙirƙiro shuɗiyar LED ɗin ne ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014. Ma'ana, farar fitila tana ɗauke da shuɗin da tsiro ke buƙata don ya yi gajere da kauri.

Abin da nake ba da shawara: dogayen fararen fitilun LED guda biyu, irin na gareji ko shago, masu lamba 4000K zuwa 6500K a jikin kwali, waɗanda jimillar wutarsu ta gaske ta kai wat 30 zuwa 40. Sun ishi faranti ɗaya mai tsiro ashirin zuwa talatin. Ka rataye su da sarƙa ko igiya yadda za ka iya ɗagawa da saukewa.

Nisa shi ne sirrin. Haske yana raguwa da sauri in ka ja da baya. Fitila mai ƙarfi da ke manne a rufin ɗaki ba ta kai mai rauni da ke tafin hannu ɗaya daga ganye ba. Fara da santimita 10 zuwa 15, ka auna, ka gyara. Shukar ma za ta yi maka magana. In ta yi tsawo siririya tana karkata, haske ya yi kaɗan, sauko da fitila. In ganye yana naɗewa sama ko yana koɗewa, ya yi yawa, ɗaga ta.

SOKET MAI WI-FI KO AGOGON BANGO?

Kada ka ce da hannu za ka riƙa kunnawa da kashewa. Akwai ranar da za ka makara, akwai ranar aikin dare. Soket mai Wi-Fi yana ba ka damar saita lokaci daga waya, misali ya kunna 6 na safe ya kashe 10 na dare. Masu auna wuta, irin Tapo P110, har wat ɗin da fitilar ke ja za su nuna maka, ka ga ka kama mai ƙarya da hujja. Abin lura, yawancinsu a layin 2.4GHz kawai suke haɗuwa, don haka in ya ƙi kamawa, duba layin da wayarka ke kai kafin ka ce ya lalace.

Amma in ba ka da shi, ɗan agogon soket mai juyawa yana yin aikin nan daidai, ba manhaja ba rajista. Kuma kada ka bar fitila awa 24 wai don ya yi saurin girma. Awa 16 ta isa, sauran ɓarnar wuta ce.

Kuɗin wutar fa? Wat 40 sau awa 16 ya ba da 0.64 na yunit a rana. A kwana 70, kusan yunit 45. Shimfiɗar ɗumi mai wat 20, ko da ba ta huta ba na sati uku, yunit 10 ne. Jimilla wajen 55. Duba takardar wutarka ka ga nawa ake sayar maka da yunit ɗaya, ka ninka. Kuma ka ɗaga soket sama da inda ruwa zai iya zuba.

ABIN DA FITILA BA ZA TA GYARA BA

Yawan ban ruwa ya fi rashin haske kashe tsiro. Ƙasa mai jiƙe kullum a ɗaki mara iska tana haifar da wata cuta da ke cin tsiro daga gindi, ka kwanta yana tsaye ka tashi ya faɗi. Zuba ruwa a farantin ƙasa kwantenan su sha ta ƙasa, ka zubar da ragowar, ka bar saman ƙasar ya ɗan bushe kafin ka sake. 'Yar fanka ta USB tana kaɗa su a hankali na wasu awoyi tana rage cutar, tana kuma ƙarfafa kara. Taki kuwa sai ganyen gaskiya sun fito, wato waɗanda ke biyo bayan biyun farko, kuma kwata ko rabin abin da aka rubuta a kwalba.

Ranar fita waje ma ba a yin ta kwatsam. Tsiron da ya saba da luks 15,000 in ka kai shi rana mai ninkin haka sau biyar zai ƙone a yini ɗaya. Ka ɗauki kwana bakwai zuwa goma: awa ɗaya a inuwa, gobe biyu, a hankali har ya saba. Duba manhajar yanayi, kada ya kwana a waje sai zafin dare ya daina sauka ƙasa da digiri 12.

Sai maganar iri. Kada ka sa a ƙullo maka iri a cikin jaka daga gida. Tun 14 ga Disamba 2019 ƙasashen Tarayyar Turai suke neman takardar lafiyar tsirrai kafin a shigo da irin shuka, Amurka ma tana da tsauraran ƙa'idoji a kan irin barkono da tumatir saboda cututtukan shuka. Sayi iri a can, ko ka ciro daga jan attarugun da ya nuna sosai a shagon 'yan Afirka. Wani lokaci 'ya'yan ba za su fito sak irin uwar ba in haɗaɗɗen iri ne, amma yaji dai za ka samu. Ka gwada ƙwaya goma a cikin jiƙaƙƙen tishu a leda a kan shimfiɗar ɗumi, ka ga nawa za su tsaga. Ka sa safar hannu, kuma kada ka taɓa waya sannan ka taɓa ido. Habanero da Scotch bonnet suna kaiwa 100,000 zuwa 350,000 a ma'aunin yaji na Scoville.

SHIN YA CANCANCI WAHALAR?

In don rage kuɗin cefane ne kawai, shekarar farko da wuya ka mayar da abin da ka kashe. Wannan gaskiya ce. Amma kayan ba sa ƙarewa a shekara ɗaya, kuma attarugu ba ya mutuwa don shekara ta ƙare, sanyi ne ke kashe shi. In ka shigo da tukunyar ciki kafin Oktoba, ka rage mata rassa, za ta iya sake yi maka 'ya'ya baɗi tun da wuri.

A 2021 'yan sama jannatin NASA sun noma barkono a tashar sararin samaniya, ba rana ba damina, fitilun LED ne kawai da na'urorin aune-aune, har suka tsinka suka ci a ƙarshen Oktoba. Ɗakinka a Manchester ko Toronto bai kai can wuya ba. Abin da ya ba su nasara shi ne sun san adadin komai, kuma kai ma kana da abin aunawa a aljihu.

Don haka jerin sayayyarka ya zama haka: shimfiɗar ɗumi, ƙasa mai kyau, fararen fitilu biyu, agogon soket. Manhajar auna haske kuma ka sauke ta yau, ka auna tagarka gobe da azahar, kafin ka biya kuɗin komai.

Wanda yake da ɗan uwa a ƙasar sanyi ya tura masa wannan tun Fabrairu bai wuce ba. Sai mun haɗu a darasi na gaba.